Jirgin sama, jirgin ƙasa, bas ko motar haya: da wanne za ka zaga Ostiraliya?

Wanda ya samu bizar Ostiraliya, ko don ziyarar ɗan'uwa mai karatu, ko don taro, ko yawon buɗe ido zalla, da zarar murna ta lafa sai ya fara lissafin wuraren da zai gani: Sydney, dutsen Uluru, tekun murjani na Cairns, ƙila har da Perth. A taswira duk suna kusa da juna, amma a ƙasa zancen ya sha bamban. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Najeriya fiye da sau takwas, alhali mutanenta ba su wuce miliyan 27 da 'yan kai ba, kuma galibinsu a bakin teku suke zaune. Daga Sydney zuwa Perth a mota kusan kilomita 4,000 ne, kamar ka yi Kano zuwa Legas sau huɗu a jere. Saboda haka zaɓen abin hawa shi ne rabin shirin tafiyar, kuma a nan ne baƙi suka fi asarar kuɗi da kwanaki.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: jirgin sama, jirgin ƙasa, bas mai dogon zango, da mota ta haya, ko dai ƙarama ko irin wadda ake kwana a cikinta. Ga ma'aunan da zan auna su da su.

Abin da za a duba

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti kaɗai ba, har da abin da ke ɓoye a bayansa: kuɗin kaya, fetur, inshora, masauki. Na biyu lokaci. Na uku abin da ido zai gani a hanya, tunda yawon buɗe ido aka zo. Na huɗu juriya, ta fuska biyu: ko jikinka zai ɗauka, da ko hanyar za ta tsaya a kan tsarinta idan yanayi ya juya. Na biyar haɗari. Na ƙara na shida wanda littattafan jagoran baƙi ba su cika kula da shi ba, amma mu yana damun mu, wato salla da abincin halal.

Akwai abu guda da ke gaban duk waɗannan, shi ne watan da za ka je. Lokutansu a juye suke da na Turai. Disamba zuwa Fabrairu bazara ce mai zafi, kuma a tsakiyar ƙasar zafin kan haura digiri 40. Yuni zuwa Agusta sanyi ne a kudu. Arewa kuwa, wajen Darwin da Cairns, lokuta biyu gare ta: damina daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, da rani daga Mayu zuwa Oktoba. A damina ruwa kan yanke hanyoyi, a rufe wasu sassan gandun Kakadu. Wanda zai je a Janairu ya karkata kudu, wanda zai je a Yuli ya nufi arewa da tsakiya. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu kuma hutun makarantu ne, komai yana tashi.

Jirgin sama

Qantas da Virgin Australia su ne manyan kamfanonin cikin gida, sai Jetstar, reshen Qantas mai rahusa. Sydney zuwa Melbourne awa ɗaya da rabi ne, zuwa Cairns kamar awa uku, zuwa Uluru uku da rabi, zuwa Perth kusan biyar. A tsakanin manyan birane, in ka sayi tikiti da wuri, sau da yawa jirgin sama ya fi bas da jirgin ƙasa araha, abin da kan ba baƙo mamaki. Amma rahusar tana da sharaɗi. A Jetstar tikiti mafi arha jakar hannu ta kilo 7 kawai yake ba ka, sauran kaya sai ka biya, kuma biya a filin jirgi ya fi biya ta intanet tsada nesa ba kusa ba. Mu da ba ma tafiya ba tsaraba, dole a sa wannan a lissafi tun farko. Da zarar kuma ka bar manyan birane zuwa wurare irin su Alice Springs ko Broome, farashin kan hau sosai don babu gasa.

Ta fuskar ƙarancin haɗari babu na biyunsa, jiki ma ba ya wahala. Aibinsa shi ne ba ka ganin komai sai gajimare da jar ƙasa daga nesa, kuma in ka sauka kana buƙatar wani abin hawan. A Sydney da Melbourne ba matsala, jiragen cikin gari sun wadatar, har tsaunukan Blue Mountains ma awa biyu ne a jirgin ƙasa daga tashar Central. A Uluru ko Darwin kuwa sai mota ko motar 'yan rangadi. Manyan filayen jirgi suna da ɗakin ibada. A kula da agogo: Perth tana bayan Sydney da awa biyu, a bazara uku, Adelaide kuma da rabin awa.

Jirgin ƙasa

A nan dole a raba biyu, domin suna ɗaya ne ya haɗa su kawai.

Akwai jiragen jihohi na yau da kullum. XPT yana haɗa Sydney da Melbourne a cikin awa 11 ko kusa da haka, Sydney da Brisbane kamar awa 14. Spirit of Queensland yana tashi daga Brisbane zuwa Cairns, kilomita 1,681, kwana guda cur da ɗan ɗoriya, yana ratsa gonakin rake. Overland, wanda shi na kamfani ne ba na jiha ba, yana yin Melbourne zuwa Adelaide da rana. Farashinsu matsakaici ne, kujeru da faɗi, mutum yana iya tashi ya miƙe ƙafa, akwai ban-ɗaki da wurin sayen abinci. Ba su da sauri, ko kusa da na Turai ko Sin, kuma wani lokaci aikin gyaran layi kan sa a mayar da fasinja bas.

Sannan akwai jiragen alfarma biyu da kamfanin Journey Beyond ke gudanarwa. Indian Pacific yana ƙetare ƙasar daga Sydney zuwa Perth, kilomita 4,352, ya bi ta filin Nullarbor inda layin dogo ya miƙe sak har kilomita 478 ba lanƙwasa, mafi tsawo irinsa a duniya. The Ghan kuma yana tsaga ta daga kudu zuwa arewa, Adelaide zuwa Darwin ta Alice Springs, kilomita 2,979, kwana biyu a hanya. Tun 1929 yake zuwa Alice Springs, amma sai a 2004 layin ya kai Darwin.

The Ghan yana da tarihin da ya kamata Musulmi ya sani. An sa masa sunan ne don tunawa da masu raƙuma da aka kawo tun daga shekarun 1860 daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan da arewacin Indiya. Su suka yi jigilar abinci da wasiƙu da kayan aiki cikin hamada kafin dogo da mota su iso. Musulmi ne, sun gina masallatai a Marree da Broken Hill, kuma masallacin Adelaide da aka fara ginawa a 1888 yana nan ana salla a cikinsa har yau. Zuriyar raƙumansu da aka saki suna yawo a dajin, dubbai bisa dubbai. Duk wanda ya san ayarin Azbinawa masu ɗauko gishiri daga Bilma zai gane irin rayuwar da mutanen nan suka yi, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya so bin hanyar.

Sai dai kuɗin. Waɗannan jiragen biyu ba su da kujerun masu ƙaramin ƙarfi yanzu, ɗakunan kwana ne zalla, kuma kuɗin mutum ɗaya yana farawa ne daga dubban dalolin Ostiraliya. A cikin kuɗin an haɗa abinci, da rangadi a wuraren da ake tsayawa kamar kwazazzabon Nitmiluk kusa da Katherine, da kuma giya, wadda kai ba za ka sha ba amma ka biya. Game da abinci ka sanar da su buƙatarka tun lokacin sayen tikiti, in ka rasa tabbas kifi da kayan lambu sun ishe ka. Ɗaki naka ne, salla ba wuya. Ba kullum suke tashi ba, kuma wuri kan cika watanni kafin ranar. A sani kuma The Ghan ba ya bi ta Uluru: daga Alice Springs akwai sauran kilomita 450 ko kusa da haka.

Bas

Greyhound Australia ne babba. Ƙarfinsa a gabar gabas yake, daga Melbourne ta Sydney da Byron Bay da Brisbane da Airlie Beach har Cairns, sannan yana da layin Adelaide zuwa Alice Springs zuwa Darwin. Yana sayar da tikitin kwanaki mai suna Whimit, wanda da shi za ka hau ka sauka yadda kake so har wa'adin ya cika. Ga ɗalibi ko matafiyi shi kaɗai mai wata guda a hannu, babu abin da ya kai wannan sauƙin kuɗi, balle in yana bin motar dare ya huta da kuɗin masauki.

Motocin suna da sanyi da ban-ɗaki, suna tashi a kan lokaci, ba lodi, ba jiran cika. Amma zama ne mai tsawo, awa 12 ko fiye a tafiya ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma mai ciwon baya ko ƙafa zai ji a jikinsa. Bas yana sauke ka a gari, alhali yawancin wuraren kallon suna wajen gari, don haka kuɗin rangadi zai biyo baya. Ba ya ƙetarawa daga Adelaide zuwa Perth. Tsayuwar hutu gajeriya ce a gidajen mai, abincin wurin kuma galibi ba namu ba ne, sai ka riƙe guzurinka, ka haɗa sallolinka yadda shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi.

Motar haya da motar kwana

Nan ne daɗin yake, nan ne kuma haɗarin yake, shi ya sa zan daɗe a kai.

Wasu wuraren ba sa ba da kyawunsu sai ga mai mota. Great Ocean Road, kilomita 243 a gefen teku yamma da Melbourne, inda duwatsun Twelve Apostles suke tsaye cikin ruwa, an yi ta ne don a tsaya nan a tsaya can. Haka tsibirin Tasmania, wanda za ka iya kai mota cikinsa a jirgin ruwan Spirit of Tasmania daga Geelong zuwa Devonport, ko ka sauka ta sama ka yi haya a can. Haka zagayen Alice Springs da Kings Canyon da Uluru. In kun kai mutum uku ko huɗu kuna raba kuɗi, mota ta fi kowace hanya araha a gajeren zagaye. Ga iyali kuma ita ce sarauta: ku tsaya salla lokacin da ta yi, ku sayi naman halal a Lakemba ko Auburn a Sydney ku cika akwatin ƙanƙara, ku dafa abinku. Motar kwana irin ta Britz ko Apollo ko Jucy tana da gado da murhu, manyan har da ban-ɗaki.

Kuɗin da ake tallatawa na yini ba shi ne kuɗin ba. Ƙara inshora, domin in ba ka sayi cikakkiya ba, abin da za a cire maka idan aka yi ko da ƙaramin karo zai iya kai dubban daloli. Ƙara kuɗin ajiye mota a garin da ba nan ka ɗauke ta ba. Ƙara fetur, wanda ke ƙara tsada duk lokacin da ka ƙara nisa da birni. Ƙara kuɗin manyan titunan Sydney da Melbourne da Brisbane, da na'ura ke cirewa ba tare da shinge ba. Mai motar kwana ya ƙara kuɗin filin kwana, don a garuruwa da yawa kwana cikin mota a bakin titi laifi ne mai tara. Yawancin kamfanoni suna son direba ya kai shekara 21, wanda bai kai 25 ba kuma a ƙara masa kuɗi. Akwai wata dabara ga mai sassauci: kamfanoni kan nemi wanda zai mayar musu da mota wani gari a kan dala ɗaya a yini, amma kwanakin a ƙayyade suke, tuƙi ne ya fi kallo yawa.

A hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, yadda Najeriya take yi kafin 1972. Kwanan farko shataletale da kwana za su rikita ka, don haka kada ka karɓi mota ranar da ka sauka daga doguwar tafiya da gajiya a ido. Lasisin da ke rubuce da Turanci yana aiki ga baƙo, amma riƙe na ƙasa da ƙasa ya fi kwanciyar hankali, ga mai lasisin Faransanci daga Nijar ko Chadi kuwa ya zama dole, ko kuma fassarar da hukuma ta yarda da ita. Iyakar gudu a manyan hanyoyi galibi kilomita 100 ne ko 110 a awa, kyamarori suna ko'ina, tarar tana da zafi, kuma babu zancen roƙo. Kowa ya ɗaura bel, yara ƙanana sai da kujerarsu.

Babban abin tsoro shi ne daji. Kangaru suna fitowa da asuba da almuru, suna faɗo wa titi ba zato, a wasu yankunan har da shanu da raƙuma tunda ba shinge. Ƙa'ida ɗaya zan roƙe ka ka riƙe: a wajen gari, rana na faɗuwa ka ajiye mota. Sannan akwai tirelolin da ke jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu ya haura mita 50, wuce su yana son fili mai nisa da haƙuri. Hanyar takan miƙe har barci ya sace direba, a kan Eyre Highway akwai wurin da ya yi kilomita 146 ba kwana ko ɗaya. Tsakanin gidan mai da na gaba kan kai kusan kilomita 200, saboda haka duk inda ka ga famfo ka cika. Ɗauki ruwan sha mai yawa. Layin waya yana ɓacewa, kodayake na kamfanin Telstra ya fi sauran kaiwa nesa. In mota ta lalace a daji, ka zauna kusa da ita, kada ka taka da ƙafa neman taimako, mutane sun rasa rayukansu ta haka. Lambar gaggawa 000 ce. Ƙaramar motar haya kuma ba a yarda ta sauka daga kwalta ba, in ka hau burji da ita inshorarka ta faɗi.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Jirgin sama | Jirgin ƙasa na jiha | Jirgin alfarma | Bas | Mota |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Arha tsakanin manyan birane, tsada a ƙanana | Matsakaici | Tsada ƙwarai | Mafi arha ga mutum ɗaya | Arha in an raba, ɓoyayyun kuɗi da yawa |
| Lokaci | Awoyi | Yini ko kwana | Kwana 2 zuwa 4 | Yini ko kwana | Yadda ka tsara |
| Kallo a hanya | Kusan babu | Da dama | Sosai | Da dama | Mafi yawa |
| Wahalar jiki | Kaɗan | Matsakaiciya | Babu | Mai yawa | Mai yawa ga direba |
| Haɗari | Kaɗan | Kaɗan | Kaɗan | Kaɗan | Mafi girma |
| Salla da abinci | Da sauƙi | Sai da guzuri | Salla da sauƙi, abinci a tambaya | Da takura | Mafi sauƙi |

Wasu abubuwan ba ruwansu da abin hawan da ka zaɓa. Dokar shigo da abinci tana da tsauri ƙwarai: kilishi da dambun nama kada ma ka ɗauko, daddawa da yaji da kuka kuwa ka rubuta su a takardar shiga jami'ai su duba, don ɓoyewa kan jawo tara mai nauyi, har da soke biza. Tsakanin wasu jihohi ma ana karɓe ɗanyen kayan marmari a kan iyaka. A arewa kada ka shiga kogi ko tafki sai inda aka rubuta an yarda, akwai kadoji manya, kuma daga Nuwamba zuwa Mayu tekun Queensland ta arewa tana da wata halitta mai dafi da kan sa a yi iyo cikin raga ko da riga ta musamman. Uluru wuri ne mai alfarma ga mutanen Anangu, 'yan asalin yankin, waɗanda aka mayar wa mallakarsa a 1985, kuma tun Oktoba 2019 an hana hawansa. Zagaya shi ake yi da ƙafa, akwai kuma sassan da suka roƙi kada a ɗauki hoto.

Wa ya dace da wanne

Mai mako ɗaya zuwa kwana goma, wanda taro ko bikin yaye ɗalibi ya kawo shi, ya hau jirgin sama, ya tsaya a wurare biyu, iyaka uku. Sydney da Melbourne tare da motar haya ta kwana biyu a Great Ocean Road sun isa tafiya mai kyau. In a watannin rani na arewa ne, ya musanya Melbourne da Cairns ya ga tekun murjani mai tsawon kilomita 2,300.

Iyali mai yara da mako biyu ko uku, shawarata su haɗa biyu: jirgin sama ya cinye dogon zangon, mota ta yi zagayen kusa, su mayar da ita inda suka ɗauka. Wannan haɗin shi na fi yarda da shi ga yawancin mutanenmu, domin yana kauce wa tuƙin hamada ba tare da ya hana su tsayawa inda suke so ba.

Ɗalibi ko saurayi shi kaɗai mai lokaci da ƙaramin aljihu ya sayi tikitin kwanaki na bas ya bi gabar gabas a hankali. Wanda ba ya tuƙi, ko yake tare da dattijo mai son miƙe ƙafa, jiragen jihohi sun fi masa bas. Mai hali da ke son hutu da tarihi, kuma kallon hamada ta taga ba zai gundure shi ba, ya nemi ɗaki a The Ghan tsakanin Mayu da Satumba, ya fara da sallar Juma'a a tsohon masallacin Adelaide.

Ƙetare Nullarbor ko bin Stuart Highway daga Adelaide har Darwin da mota kuwa na waɗanda suke da wata guda ne aƙalla, da direbobi biyu da suka saba da dogon zango, a watannin sanyi, kuma bayan sun yi 'yan kwanaki suna tuƙi a hannun hagu a kusa da gari.